Mun san kalar motar ɗan TikTok, amma mun manta matan da aka harbe a Hotoro

Watan jiya na je dinar bikin wani ƙanin abokina a ɗaya daga cikin manyan ɗakunan taron nan na Kano, irin wanda sai ka nuna kati kafin a bar ka ka shiga. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran abokin nawa ya fito, sai na hango wani dattijo a gefe ya jingina da bango, farar rigarsa ta sha guga amma wuyanta duk ya sile, yana riƙe da ’yar leda. Kallo ɗaya na gane shi. Hedimastan firamarenmu ne, shi ya koya wa ango karatu, shi ya koya min, kai kusan rabin samarin da ke cikin ɗakin nan ta hannunsa suka bi. Masu tsaron ƙofa sun ce ba shi da kati, shi kuma bai yi musu da kowa ba, ya dai koma gefe ya tsaya.

Ba a yi minti biyar ba sai ga wata baƙar mota ta tsaya, wani yaro da ya yi suna a TikTok ya fito da tawagarsa, babu wanda ya tambaye shi kati, ƙofa ta buɗe gaba ɗaya, wayoyi suka tashi sama kamar an ba da umarni, ’yan mata na ihu, mai gabatarwa yana ta kwarara masa kirari a lasifika. Daga baya da ya shiga fili na ga liƙin da aka yi masa, sabbin ’yan dubu-dubu har ana tattarawa a jaka. Na je na durƙusa na gaishe da Malam, na samo masa hanya ya shiga, amma kujerar da ta rage can baya ce kusa da inda ake ajiye kulolin abinci. Da na ba shi haƙuri sai ya ce min ba komai, addu’a kawai ya zo yi wa yaran. Wallahi tun daga daren nan abin bai bar raina ba.

Kada a fahimce ni a baibai, ba ni da faɗa da ’yan fim ko mawaƙa ko masu barkwanci. Sana’a suke yi, da yawansu suna ciyar da gidaje, kuma mutumin da ya wuni yana fama da tsadar masara da kuɗin mota yana da haƙƙin ya kalli abin da zai sa shi dariya kafin ya kwanta. Bahaushe ma ai bai taɓa rayuwa ba kiɗa ba waƙa. Amma ku duba yadda abin yake a da. Kalangu na mahauta ne, gangar noma ta manoma ce, in an fita gayya makaɗi ne ke bin bayan mai garma yana zuga shi, maharba da nasu kiɗan, maƙera da nasu, ’yan su da nasu. Wanda ya noma dami dubu a ba shi Sarkin Noma, gari ya san da zamansa. Wato makaɗi shi ke bin mai aiki yana faɗa wa duniya ga wanda ya isa. Yanzu abin ya juye, mai aikin ne ke sayen data da ɗan abin da ya samu don ya bi mai waƙa, ya san motar da ya sauya, ya san wa ya aura wa ya saka, har ya yi zage-zage da mutumin da bai taɓa gani ba saboda an taɓa gwaninsa.

To bari in tambaye ka mai karatu, kuma ka amsa tsakaninka da Allah. Ranar Juma’a 8 ga Fabrairun 2013 ’yan bindiga suka shiga wasu ƙananan asibitoci biyu a Kano, ɗaya a yankin Hotoro, suka buɗe wuta kan masu aikin rigakafin shan inna, aka kashe aƙalla tara, mata ne. Sunan mutum nawa za ka iya kawowa a cikinsu? Waɗannan fa su ne matan da muke gani da hijabi da ’yar kula a rataye, suna bin lungu-lungu cikin rana suna sallama, wani gidan a karɓe su, wani gidan a rufe musu ƙofa har da baƙar magana, su ɗiga wa yaro magani a baki su shafa masa shuɗi a ɗan yatsa su yi rubutu da alli a bango su wuce gaba, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Bayan wannan kisan sauran ba su daina ba, sun ci gaba da fita duk da sun san abin da ya sami ’yan uwansu. Shekara bakwai bayan nan, ranar 25 ga Agustan 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ake jira. An yi jawabai, manya sun ɗauki hotuna. Yaran da yau suke buga ƙwallo da ƙafafunsu biyu a layinmu ba su san da jinin wa aka biya wannan ba, mu ma iyayensu ba mu gaya musu ba.

Haka Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, ungozomomi matasa da ke aiki da ƙungiyar Red Cross a Rann, can ƙarshen Borno, suna karɓar haihuwar matan da yaƙi ya koro. An sace su ranar 1 ga Maris 2018, aka kashe Saifura a watan Satumba, aka kashe Hauwa a Oktoba, dukkansu ba su wuce shekara 25 ba. Mun yi jimami kwana biyu uku a Facebook, sai wata rigimar ’yan fim ta taso muka koma can. Yau ka shiga ajin ’yan mata a kowace sakandare ka ce su lissafo jarumai mata goma, za su lissafo maka ashirin ba su numfasa ba, amma da wuya ka ji sunan ɗaya daga cikin biyun nan. Kuma ba laifin yaran ba ne, abin da muka sa a gabansu shi suka haddace. Ku ma lura da kalmar kanta, jarumi. A bakin kakanninmu jarumi shi ne wanda ya tsaya lokacin da kowa ya gudu. Yanzu in ka ce jarumi kowa ya ɗauka ɗan fim kake nufi.

In ana neman jarumi a ma’anarsa ta asali, ga Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato. Ranar 23 ga Yunin 2018 da mahara suka afka wa ƙauyukan yankin, mutane suka kwararo a guje, yawancinsu Kiristoci, dattijon nan mai shekara 83 ya shigar da mata gidansa, maza ya sa su a masallaci, mutum 262, sannan ya fito ya tsaya a gaban masu ɗauke da makamai yana roƙonsu, ya ƙi ba su mutanen. Ba kyamara a wurin, ba wanda ke jiran ya yi masa tafi, tsufa ne kawai da tsoron Allah. A watan Yulin 2019 gwamnatin Amurka ta kira shi ta karrama shi, lambar girmamawa ta ƙasarmu kuwa sai a Oktoban 2022 ta iso gare shi. A wannan bikin ne kuma aka tuna da Dakta Ameyo Adadevoh, likitar da ta hana mutumin da ya shigo da Ebola Legas fita daga asibiti a 2014, ta kamu da cutar ta rasu a watan Agustan shekarar. Shekara takwas kafin a ba ta lambar girmamawa ta ƙasa, alhali da ta bar mutumin nan ya shiga gari, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya, kuma motocin Legas kullum suna sauke fasinja a Kano.

A ɗaya gefen kuma, wanda ya lashe gasar zaman gida ta BBNaija a 2022 kyautarsa ta kai naira miliyan 100, a 2023 ta kai miliyan 120. Za a ce ai kuɗin kamfani ne, gaskiya ne, amma kamfani ba wawa ba ne, inda idanunmu suke nan yake zuba kuɗinsa. Na gwamnati ma mun gani, a Yulin 2025 da ’yan matan Super Falcons suka ci kofin ƙwallon ƙafa na mata na Afirka an yi wa kowacce alƙawarin dala dubu 100 da gida da lambar girmamawa cikin ’yan kwanaki. Sun yi ƙoƙari, na kalli wasan, na yi murna, ba na musu baƙin ciki. Amma a cikin wannan watan ne fa tsofaffin ’yan sanda suka fito titi a Abuja suna zanga-zanga kan fanshonsu, mutanen da suka yi shekara 35 suna kwana a kan hanya. Ashe dai in ana so a yi abu da sauri ana iyawa.

Akwai kuma wani abu da ya fi damuna, yadda muke yi in Allah ya sa kyamara ta faɗa kan mutumin kirki. Kun tuna yaron nan mai adaidaita sahu a Kano da ya mayar da kusan naira miliyan 15 da wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta a kekensa a 2023. Gari ya ɗauka, kyaututtuka suka yi ta zuwa, manya suna kiransa a ɗauki hoto. Haka malamar firamaren nan ’yar asalin Abiya da Gwamna Zulum ya tarar ita kaɗai a makaranta da sassafe a Maiduguri a 2020, bayan ta yi shekara 31 tana koyarwa, aka ba ta kyauta aka ƙara mata matsayi. Na ji daɗin duka biyun har zuciyata. Sai dai abin da muka yi shi ne muka mayar da su taurarin mako ɗaya, muka yi musu irin son da muke yi wa ’yan fim, daga nan muka wuce. Malamar nan ai ba ranar ta fara zuwa da wuri ba, shekara talatin da ɗaya tana yi ba wanda ya waiwaye ta, kuma akwai dubbai irinta daga Sakkwato zuwa Yola da babu gwamnan da zai taɓa yin sammako ya iske su. Su kuma fa? Sai sun jira sa’ar bidiyo?

Shi ya sa ni ban ɗauki allon yabo da hoto a matsayin girmamawa ba. Girmama malami shi ne albashinsa ya shigo kan lokaci kuma ya isa ya sayi buhun hatsi, in ya yi ritaya kada ya mutu a layin tantancewa yana jiran giratuti. Girmama ma’aikaciyar jinya shi ne kada a bar ta tana karɓar haihuwa da fitilar waya a baki tsakar dare. Girmama matan da aka kashe a bakin aikin rigakafi shi ne a san halin da ’ya’yansu ke ciki, a sa sunayensu a jikin asibiti ko titi, a sa labarinsu a littafin firamare. Muna da tituna da yawa masu sunayen mutanen da in ka tambayi me suka yi wa gari sai an yi dogon tunani.

Amma in na tsaya kan gwamnati kaɗai ban yi adalci ba, don a dinar nan babu kwamishina ko ɗaya a bakin ƙofa, mu ne. Mu ne muke liƙa wa wanda ya riga ya ƙoshi, mu zo maƙabarta mu miƙa wa masu haƙa kabari canjin da ya rage a aljihu, mutanen da a watan Afrilun 2020 lokacin da mace-mace suka yi yawa a Kano suka yi ta haƙa daga safe har dare, kowa yana tsoron kusantar gawa su suna ciki. Mu ne muke ciniki da mai ruwa kan naira hamsin bayan ya turo kura daga wata unguwa, ’yan sintirin da ke kwana a waje don mu yi barci kuwa sai an bi mu gida-gida ana roƙo kafin mu ba da kuɗin wata. Yaro yana kallon duk wannan, yana ganin wa ake tashi tsaye in ya shigo, wa ake bari a bakin ƙofa, sannan mu zo muna mamaki don ya ce shi ba zai yi koyarwa ba, mabiya yake nema. Me ya gani da zai sa ya zaɓi alli?

’Yan jarida ma, har da mu masu rubutu a shafuka irin wannan, da namu kason. Labarin sakin auren wata tauraruwa sai a yi shi kashi biyar, a nemo ƙawarta, a nemo tsohon saurayinta, amma ba mai ɗaukar abin naɗar magana ya je Maiduguri ya zauna da irin su Zannah Mustapha, wanda tun 2007 ya buɗe makaranta yana haɗa marayun ɓangarorin rikicin Boko Haram a aji ɗaya, ya kuma shiga tsakani aka sako ’yan matan Chibok 21 a 2016 da 82 a 2017. Za a ce mutane ba sa karanta irin wannan. Ni ban yarda ba, ba a dai ba su shi da irin daɗin da ake ba su gulma ba ne.

Sati biyu bayan dinar nan na kira wasu ’yan ajinmu shida muka je gidan Malam da yamma. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya aika aka sayo ruwan leda, yana ta kiran kowannenmu da sunan mahaifinsa, har ya tuna wanda ya fi kowa makara a cikinmu. Ba wanda ya fito da waya. A cikin hira ne muka gane rufin ɗakinsa yana zuba tun daminar bara, kuma maganin hawan jininsa rabi-rabi yake sha don ya kai ƙarshen wata. Mun yi karo-karo mun sayi bandir biyu na kwano, kafinta zai fara aiki ranar Asabar, maganin kuma mun raba watanni a tsakaninmu, nawa ya faɗo a watan gobe.