Ba kowane tsohon kobo ke da tsada ba

Wani labari da na ci karo da shi ya ce tsohon kwabon da aka yi kuskure wajen buga shi na iya kawo kuɗi masu kauri. Haka ne, amma mai cewa kobonsa ya sha bamban don yana da huda, ai anini (ɗaya bisa goma na kobo) da dari (rabin kobo) da kobon zamanin Turawa duk da hudarsu aka buga su. Sai in hudar ta kauce gefe, ko babu ita sam, ake maganar kuskuren huda. A gwangwanin kakata nan Bauchi na tsinci aninin 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas na Ingila, wanda bai cika shekara kan gadon sarauta ba. Ƙanena kuwa ya dirje shi da toka da lemun tsami, wai ya yi ƙyalli, ya kashe masa daraja. To, wa ke tantance tsofaffin kuɗin nan a Arewa kafin dillali ya karɓe a banza?