Ba gwamnatoci kaɗai suka ceci 'yan gudun hijirar Chile ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan sojoji suka yi juyin mulki, gwamnatocin ƙasashen waje ne ke kwashe 'yan adawa su ba su mafaka, shi ke nan. Abin da ya faru a Chile bai nuna haka ba.

Ranar 11 ga Satumba 1973 Janar Pinochet ya hamɓarar da gwamnatin Salvador Allende, aka shiga kame. Gaskiya ne Suwidin da Meziko sun buɗe ƙofa da wuri. Jakadan Suwidin, Harald Edelstam, har korarsa sojojin suka yi a Disambar shekarar saboda ɓoye mutane. Amma gwamnatin Birtaniya ta Edward Heath ƙin karɓar 'yan gudun hijirar ta yi. Sai da jam'iyyar Leba ta hau mulki a 1974, ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai da coci-coci suka matsa lamba, sannan aka shigo da kimanin mutum 3,000. Waɗannan ƙungiyoyi ne kuma suka nema musu masauki da gurbin karatu.

Goyon bayan da ya fi burge ni shi ne na ma'aikatan masana'antar Rolls-Royce a garin East Kilbride, cikin Sukotilan. A 1974 suka gane cewa injunan da aka kawo musu gyara na jiragen yaƙin Chile ne, irin waɗanda suka yi ruwan bama-bamai a fadar Allende. Suka ce ba za su taɓa su ba. Injunan suka yi kusan shekara huɗu a tsakar gidan masana'antar, ruwa na dukansu.