Binciken da ya gano kowa na son mu

Kamfanin da nake wa aiki kula da injinan ofis yake yi, irin su firinta da injin fotokwafi. Ofisoshi kan ƙulla yarjejeniyar shekara da mu, masu gyaranmu su riƙa zagaya su wata-wata, in kuma inji ya lalace a tsakani sai a kira lambar da muka liƙa a jikinsa. Ni nawa aikin shigar da takardu a kwamfuta ne. Da yake ba na so in tsufa a kan wannan kujerar, sai na yi rajistar wani kwas na intanet a kan hanyoyin bincike don yanke shawarar kasuwanci, kamfani ya biya kuɗin.

A ofis nake kallon darussan in an tashi, don intanet ɗin can ya fi na gida ƙarfi. Batirin kwamfutata ya daɗe da mutuwa, sai a jone take aiki, soket ɗin gefen teburina kuma filogi ɗaya kacal yake ɗauka. Na zare wani baƙin filogi da na tarar a ciki na sa nawa, fitila ba ta ɗauke ba, fanka ba ta tsaya ba, na ci gaba da neman ilimi. Da na gama na buga satifiket mai launi na liƙa a bango, daidai inda manaja zai gani in zai wuce.

Ba a daɗe ba manaja ya tara mu yana huci. Masu sabunta yarjejeniya sun ragu, kuma darakta ya fara tambaya. Mai kula da talla ya ce farashinmu ne ya yi tsada. Shugaban masu gyara ya ce kishiyoyinmu ne ke ɓata mana suna. Ni kuwa na gyara murya na ce, "Yallaɓai, duk wannan hasashe ne. Sai an yi bincike." Na jero masa matakan kamar yadda na haddace: a fayyace matsala, a duba bayanan da ake da su a hannu, a tsara hanyar tattara sababbi, a tattara, a yi nazari, a rubuta rahoto. Manaja ya dubi satifiket, ya dube ni, ya ce, "To, bismilla."

Mataki na biyun nan na duba bayanan da ke hannu, malamin kwas ya nanata shi sosai, wai ya fi arha kuma sau da yawa amsar tana kwance a cikin fayil. Sai dai fayilolinmu, har da rajistar kiran waya, suna wajen Hajiya akanta ne, matar da in ka roƙi biro a wurinta sai ka sa hannu. Na ga babu dalilin da zai sa mai bincike ya wulaƙanta kansa, na tsallake zuwa takardar tambayoyi.

A nan na baje kolin ilimi. Na yi amfani da ma'aunin nan mai hawa biyar da wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, Rensis Likert, ya fito da shi a 1932: na yarda ƙwarai, na yarda, ina tsaka-tsaki, ban yarda ba, ban yarda ba sam. Na kai wa manaja ya gani. Ya ɗauki jan biro ya soke "ban yarda ba sam", ya ce babu ladabi a ciki, kuma bai ga dalilin da za mu sa wa abokin ciniki magana a baki ba. Sannan ya rubuta tambayar farko da hannunsa: "Shin kai ma ka yarda, kamar sauran abokan hulɗarmu, cewa aikinmu ya fi na kowa?" Na san an hana irin wannan tambaya mai jan mutum zuwa amsa, amma ba a koya mana yadda ake gaya wa wanda ke sa hannu a takardar albashinka haka ba. Don takarda ta tsaya a shafi ɗaya kuma, na haɗe wasu tambayoyin biyu-biyu, kamar "Kana jin daɗin saurin zuwanmu da ladabin ma'aikatanmu?" Wanda aka zo masa a makare amma aka gaishe shi da fara'a, shi ya san yadda zai yi.

An ce a yi gwajin share fage kafin a raba. Na ba masinja ya karanta, ya ce rubutun ya fito rangaɗau.

Saura wa za a tambaya. A kwas an ce in jama'a na da yawa, ka zaɓi mutum 385 ta hanyar ƙuri'a, kowa da damarsa daidai da ta ɗan'uwansa, sai ka samu amsar da a sau 95 cikin 100 ba za ta kauce wa gaskiya da fiye da kashi 5 ba. Sharaɗin shi ne ƙuri'ar. Ni dai na ga masu gyaranmu kullum suna hanya, sai na damƙa musu takardun na ce kowa ya ba duk ofishin da ya shiga. Haka aka yi. Ka ƙaddara kai ne sakataren wani ofis, cikin injinka a buɗe, kayan cikinsa a baje a ƙasa, mai gyara na tsaye a kanka da sukudireba a hannu, ya miƙo maka takarda yana tambayar ko yana da ladabi. Ai kuwa yana da shi.

Takardu suka dawo tuli. Na lura wasu da yawa rubutunsu iri ɗaya ne, har da inda biro ke yoyo. Na tambayi mai gyaran da ya kawo su, ya ce, "Haba malam, mutanen nan shekara nawa ina tare da su? Ai na san abin da za su ce, na hutar da su ne." Na yi tunani a kai, na ga ƙwarewa ce ta aiki, na shigar da su.

Don kada a ce hanya ɗaya na bi, na ƙara da lura da ido. Na ja kujera kusa da teburin karɓar baƙi da littafi a cinya. Ofis ya koma na salihai. Sakatariya, wadda bayan teburinta ke jingine da nawa, ta riƙa yi wa kowa sannu da zuwa har da mai kawo wasiƙa. Wannan ma an yi mana gargaɗinsa da labarin masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Shikago, inda aka yi gwaje-gwaje daga 1924 zuwa 1932. Yadda ake ba da labarin, an ƙara wa ma'aikata haske aiki ya ƙaru, an rage haske bai fasa ƙaruwa ba, don sun san ana kallonsu. Daga baya wasu masana sun sake duba alƙaluman suka ce an ɗan zuzuta, shi ya sa ban bari ya dame ni ba. Abin da ya fi faranta mini rai na rubuta shi na ja masa layi biyu: duk zamana, kiran ƙorafi ko ɗaya bai shigo ba.

Ranar gabatarwa na sa kaya masu kyau, aka kunna majigi. Zanen da'irar da na haska kusan launi ɗaya ne, sai wani ɗan siririn yanki na masu tsaka-tsaki. Na ce binciken kimiyya ya tabbatar abokan cinikinmu suna cikin farin ciki. Manaja ya fara tafi. Darakta ya daɗe yana kallon da'irar, sannan ya ce, "Madalla. To su wane ne suke tafiya?"

Hajiya akanta ba ta ko ɗago kai daga lissafinta ba ta ce, "Cikin waɗanda suka bar mu, mutum nawa ka tambaya?"

Na ce, "Hajiya, ai waɗancan ba abokan cinikinmu ba ne yanzu." Na ɗaga tulin takardun sama don a ga kaurinsu.

Ashe ita ma ta taɓa ƙididdiga a jami'a. Ta cire tabarau ta ba mu labarin mujallar Literary Digest ta Amurka, wadda a zaɓen shugaban ƙasa na 1936 ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta buga cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Sunayen kuwa yawanci daga littattafan masu tarho da rajistar masu mota aka kwaso su, a zamanin da talakawa da yawa ba su da ko ɗaya. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da ya tambayi mutum wajen 50,000 kawai ya ce Roosevelt ne zai ci, kuma Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Ta ce, "Mujallar ba ta wuce 1938 ba. Ajiye takardun nan kada hannunka ya gaji."

Abin haushi, na san ɗan'uwan wannan labari, har na ci tambayarsa a jarrabawa. A Yaƙin Duniya na Biyu an so a ƙara wa jiragen yaƙi sulke a inda aka fi ganin ramukan harsashi, sai masanin lissafi Abraham Wald ya nuna cewa jiragen da suka dawo kaɗai ake dubawa, waɗanda aka harba a inji ba su dawo ba balle a ƙirga raminsu. A jarrabawa dai jirage aka tambaye ni, babu wanda ya ambaci firinta.

Aka ba ni jerin waɗanda suka tafi, aka ce in kira su ɗaya bayan ɗaya, in yi shiru in saurara. Na farko wani dattijo ne mai ofishin lauyoyi. Ina faɗin sunan kamfani ya ce, "Au, ashe kuna da waya?" Ya yi mini wankin babban bargo. Ya ce injinsu ya tsaya ana gobe za su shigar da takardu kotu, sun kira lambar jikin inji har yatsa ya gaji, tana shiga babu mai ɗauka. Ta biyu haka ta ce, na uku ma haka. Babu wanda ya ambaci farashi. Waɗanda suka zauna da mu kuwa, ashe masu lambar wayar mai gyara ne ta aljihu.

Na ɗauki wayata na kira lambar. Tana ƙara a kunnena, ofis tsit. Na bi da ido har teburin sakatariya, can ƙarƙashin fayiloli na hango wayar tebur irin mai aiki da intanet, fuskarta baƙi ƙirin. Na bi igiyarta, ta zagayo ta bayan teburi ta ƙare a gefen ƙafata, da baƙin filogi kwance a ƙasa ya yi ƙura. Cikina ya ɗuri ruwa. Na tambayi sakatariya ko ba ta lura wayar ta daina ƙara ba, ta ce ta lura mana, ta ɗauka injinan ne suka daina lalacewa, har godiya ta yi wa Allah.

A rahoto na rubuta cewa an samu katsewar lantarki a layin karɓar ƙorafi, kuma an shawo kan matsalar. Kowace kalma gaskiya ce. Amma Hajiya ta shigo taro da takardu biyu: rajistar kira mai nuna ranar da kira na ƙarshe ya shigo, da rasit ɗin kwas ɗina da ita ta biya. Ta jera su gaban darakta, kwanan watan na kallon juna.

Na miƙe na kare ilimi. Na ce faruwar abu biyu a lokaci guda ba ta nuna ɗaya ne ya jawo ɗaya. Inda aka fi ganin motocin kashe gobara nan aka fi yin asara, amma ba wanda zai ce motocin ne suka ƙone gidan. Kafin a ɗora wa abu laifi sai an yi gwaji, an canza abu ɗaya an bar sauran yadda suke.

Hajiya ta ce ta yarda ƙwarai. Ta ce a taso a je teburina. Muka ɗunguma har da darakta. Ta nuna soket, filogin waya na ciki, ta ce, "Kada a taɓa komai. Kunna mana kwamfutarka."

Ina tsaye da caja a hannu ina duba bango sama da ƙasa, sai wayar ta ɗauki ƙara. Manaja ya ce, "Ɗauka. Daga yau ma kai ne mai ɗauka." Dattijon nan ne mai ofishin lauyoyi, wai ya tuna wasu abubuwan da bai gaya mini ba.