Kuɗinka suna isowa, kai ne ba ka isowa

Akwai wani lissafi da ya shigo yayi a tsakanin 'yan Zamfara mazauna Kaduna da Abuja da Legas, kuma na gaji da jin sa. A makon da ya gabaci sallar da ta wuce, sau uku ina jin sa daga bakin mutum uku da ba su san juna ba: ɗaya a wurin aiki, ɗaya a majalisar da muke zama bayan la'asar, na ukun kuwa a ƙofar masallacin Juma'a muna laluben takalma. Wai in ka haɗa kuɗin mota na zuwa da dawowa, da na tsaraba, da ɗan abin da za ka raba wa dangi, ka tura wa tsofaffi ta waya, ya fi musu amfani a kan ka kwashi jiki ka je ku zauna kuna kallon juna. Mai faɗar haka har gyara zama yake yi, kamar wanda ya gano wata hikimar da ta kuɓuce wa magabata.

Tafiya ta yi tsada, wannan ba abin musu ba ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, kuɗin mota bai sake komawa inda muka san shi ba. Hanya ma ba sai an gaya wa kowa ba. Duk wanda ya bi ta Funtuwa zuwa Tsafe ya san irin shirun da ke sauka a cikin mota da zarar an wuce Yankara, kowa leɓensa na motsi, ba mai sakin jiki sai an hango dutsen Kwatarkwashi. Wanda iyayensa ke ƙauyukan Dansadau ko Zurmi ko Shinkafi, inda su kansu mutanen gari ke kwana da takalmi a ƙafa, ba da shi nake ba, Allah Ya kawo masa mafita. Da wanda nake shi ne mai iyaye a cikin garin Gusau ko Ƙauran Namoda ko Talatar Mafara, mai albashi, wani har da motar kansa, wanda ya mayar da 'yan bindiga da tsadar mai bargon rufe lalacinsa.

Abin da masu wannan lissafi suka kasa ganewa shi ne, ba a taɓa ƙera wata na'ura da ta fi wayar salula dacewa da ɓoye halin da tsohon Bahaushe yake ciki ba. Mu mutane ne da amsar gaisuwarmu ɗaya ce. Wanda ke kwance a gadon asibiti da ledar ƙarin ruwa a hannu, ka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi. To ina ga iyayenmu da aka yi wa tarbiyya a kan kawaici da alkunya, aka koya musu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba? Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata har yau ba ta kama sunana. Matar da ba ta iya faɗar sunanka, ita ce za ta ɗaga waya ta zayyana maka cewa gwiwarta ta hana ta sujada? In ka kira, abin da za ka ji shi ne lafiya lau, ya yara, ya maiɗakinka, Allah Ya yi albarka. Minti biyu an gama. Kai kuma ka ajiye waya da sanyin zuciya, ka ɗauka ka sauke nauyi.

Ni ma na yi wannan sakarcin, shi ya sa nake da bakin magana. Na taɓa shafe wata tara ban taka Ƙaura ba. Duk ƙarshen wata alat yana shiga wayar ƙanena da ke zaune da su, duk Juma'a ina kira. Ranar da na je, abin da na fara lura da shi a zaure shi ne Baba bai gane ni ba sai da na yi sallama ya ji murya. Ya wayance da cewa hasken rana ne ya kashe masa ido. Da asuba na same shi da Alƙur'ani buɗe a kan cinya yana karatu, na leƙa, sai na ga surar da yake karantawa daban, shafin da ya buɗe daban. Da ka yake karatunsa, ya buɗe ne kawai don kada a gane. Yanar ido ce ta rufe masa ido ɗaya, tana neman gamawa da ɗayan, ciwon da likitocin ido ke cirewa cikin ɗan lokaci mutum ya koma gani. Da na tambaye shi dalilin da bai gaya mini ba, sai ya ce, "Mi za ni hwaɗa maka? Kana can kana hwama da naka."

Sai kuma ledar magani. Baƙar leda ce rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsa. Na sauke ta na zazzage a kan tabarma. Maganin hawan jinin da nake tura kuɗinsa duk wata yana nan kati-kati, wasu ba a ko ɓalle ƙwaya ɗaya ba, wani har kwanan watansa ya wuce. Dalilinsa shi ne ba ya jin ciwon kai, don haka ya warke, sai ranar da ya ji jiri yake shan rabin ƙwaya. Hawan jini kuwa haka yake, ba ya sallama, sau da yawa mutum bai san yana tare da shi ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. A cikin ledar har da wasu ƙwayoyin ciwon jiki marasa kwali da wani yaron kemis ya haɗa masa, da ƙullin garin magani na gargajiya guda uku. Kuɗina sun isa, an sayi maganin, ba wanda ya ci amanata ko sisi. Amma alat ba shi da hannun da zai sauke leda daga ƙusa.

Inna kuwa a zaune take sallah, kan wata 'yar kujera ta tsuguno, wata biyar ke nan. Da daddare tana dama mini fura, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Kuɗɗinka suna isowa, Allah shi yi albarka. Kai ne dai ba ka isowa." Iyakar ƙorafin da ta yi ke nan a kwana ukun da na yi, kuma ya ishe ni.

Kada wani ya ɗauka ina cewa zuwa gida daɗi ne zalla. Wallahi akwai gajiya. Ka isa da furfura a gemu, amma Baba zai aike ka sayo goro kamar ɗan shekara goma, ya kuma ce an cuce ka a ciniki. Labarin yadda ya hau jirgin ƙasa daga Ƙaura zuwa Zariya da buhunan gyaɗa, na ji shi ya fi sau hamsin, kuma duk ranar da zai ba da shi sai ya fara tambaya ta ko ya taɓa ba ni. Za ku yi ta ja-in-ja a kan gonar da ke bayan gari, kai kana cewa a haƙura da ita saboda halin da ake ciki, shi yana cewa a nan ubansa ya yi noma. Inna za ta yi mitar cewa jikokinta Hausarsu ta Kaduna ce, ba su iya gaida mutane ba, kuma ka rame, ko ba a ba ka abinci ne. Kafin ka gama karin kumallo zaure ya cika da 'yan uwa, kowa da takardar asibiti ko ta makaranta a aljihu. Ga sauro, ga zafi, ga wuta da ba ta zuwa. A rana ta biyu za ka ji kanka kana ɗaga wa mahaifinka murya a kan ƙwayar magani, sannan ka kwana kana jin kunyar kanka. Duk wannan yana cikin abin. Shi ne ma abin. Aya ta 23 a cikin Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf", ta ce idan tsufa ya riske su a wurinka. Wanda yake nesa yana tura kuɗi, ina ya ga abin da zai sa shi cewa uf? Ya tsallake jarrabawar ne gaba ɗaya, sannan yana neman a ba shi sakamako.

Wani ne ke zaune yana rubuta masa jarrabawar. A kusan kowane gida akwai wanda aka bari: ƙanen da bai yi nisa a boko ba, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo, ko matar ƙane wadda ba ita ta haife su ba amma ita ke tuƙa tuwo mai laushi saboda haƙoran tsoho, ita ke wankin zanin gado da asuba kafin kowa ya gani. Su ke shan faɗan, su ke tashi cikin dare. Mai alat kuma shi ne ɗan albarka da ake ambata a gaban baƙi. In ya ga dama ma ya kira ya yi musu faɗa cewa ba su kula da Baba yadda ya kamata, da kuɗinsa. Wannan rashin ta-ido ne.

Har ita wayar da ake tinƙaho da ita, mu a Zamfara ai mun ga iyakarta. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako-mako. Gusau ta samu sabis bayan kusan wata guda, wasu yankunan kuwa sai da suka doshi wata uku. Masu zumuncin waya a lokacin sai suka koma tsayawa a tasha suna roƙon direbobi su kai musu saƙo. A farkon 2023 kuma, bayan an sauya fasalin naira, kuɗi na cikin asusu amma tsohuwa ba ta da ɗari biyar ta cefane, mai POS yana yankar rabonsa yadda ya ga dama. Sau biyu cikin shekara biyu aka nuna mana cewa igiyar da muka ɗaure iyayenmu da ita ta gizo-gizo ce, ba mu ɗauki darasi ba.

Wasu za su ce a ɗauko su a kawo su birni. A kawo tsohon da ya shekara saba'in yana sallah a sahu ɗaya, a ajiye shi a bene gaban talabijin, bayan mako biyu zai fara tambayar ranar komawa. Masu cewa a gina gidajen tsofaffi irin na Turai kuwa, ban da lokacinsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, hanyar nan da ake cewa ba ta biyuwa, tana biyuwa in ɗan wani babba zai yi aure a Gusau. Tana biyuwa lokacin zaɓen fid da gwani. Ranar da aka bugo waya aka ce Baba ya cika kuwa, ba wanda ke tuna Yankara. Cikin dare za a kama hanya, a zo a zauna a kan tabarma kwana uku ana karɓar gaisuwa da jajayen idanu, a yanka sa ranar addu'a, a buga hotonsa a Facebook da dogon rubutu. Bayan arba'in a sake dawowa, wannan karon da mai awon fili. Kuɗin motar da aka ce ya fi amfani a tura, ranar rabon gado ba wanda ke cewa a turo masa kasonsa ta waya ba tare da ya zo ya ga iyakar gona da idonsa ba.

Ban ce kowa ya ajiye aikinsa ya koma gida ba. 'Yan uwa su raba watanni a tsakaninsu, kowa ya san nasa. A yi tafiyar da rana, a kwana biyu ko uku, don ziyarar yini guda ta ado ce, tsofaffi sun iya daurewa daga hantsi zuwa la'asar. A sauke ledar magani, a kalli yadda suke tashi daga zaune, a tambayi matar da ke dafa musu abinci abin da suke ragewa a kwano, a kuma sa mata wani abu a hannu ita ma. Gwamnati kuma, ta jiha da ta tarayya, bashin tsaron hanyar Funtuwa zuwa Gusau yana wuyanta, kuma za mu ci gaba da bin ta.

An yi wa Baba aikin ido ɗaya a Gusau, saura ɗayan. Ranar da aka cire masa bandeji ya daɗe yana kallo na, sannan ya ce ashe haka na yi furfura. Da zan taho Inna ta cusa mini hoce da daddawa da ƙullin kuka a jaka har zif ya ƙi rufuwa, ta ce wa ƙanena ya tambayi "wancan" ko yaushe zai dawo, alhali ina tsaye a gabanta. Na ce bayan wata biyu. Baba ya ce a rubuta a jikin bango, tunda yanzu yana iya karantawa.