Ba rowar magani ya yi ba

Gwaggona a Gusau ta kai ɗanta asibiti, yaron da barci ya ƙaurace wa tun daren da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu. Ta dawo tana mita: "Awa guda yana zuba da yaro, ko fanadol bai rubuta ba. Wannan likita ne?"

Mutumin da ta gani masanin halayyar ɗan Adam ne, kuma a Najeriya ba shi da hurumin rubuta magani. Aikinsa ya saurara, ya auna yanayin tunani, ya bi da mutum ta hanyar zantawa har firgicin ya lafa. Wannan "zubar" ita ce jinyar. Likitan ƙwaƙwalwa daban yake: ya gama karatun likitanci kafin ya ƙware, irin waɗanda ke asibitin tarayya na Kware a jihar Sakkwato. Shi ya san abin da ƙwaya za ta yi wa hanta da zuciya, ko idan ta haɗu da maganin hawan jini.

Masu cewa "ai a Amurka masana halayyar ɗan Adam suna rubuta magani" rabin labari suka ji. Jihar Niyu Meziko ta fara amincewa a 2002, Luwiziyana ta bi a 2004, kuma har yau jihohi kaɗan ne. A can ma sai an yi ƙarin karatu mai zurfi kan magunguna, an ci jarrabawa. Hujjarsu ƙarancin likitoci, wanda mu namu ya fi nasu muni, don haka ban raina muhawarar ba.

Na dai roƙi Gwaggo kada ta biya kemis neman maganin barci. Idan yaron na buƙatar ƙwaya, masanin da kansa zai tura shi wurin likita.