Mala'iku ba sa ajiye alƙalami saboda siyasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwana Sakkwatawa.

Jiya bayan sallar La'asar na ga abin da ya hana ni barci, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina da kaso a cikin laifin. Muna zaune a majalisarmu ta Mabera, a gindin dogon yaro, ana sauraren labarai a rediyon mai shayi, sai aka ambaci wani aikin hanya. Ɗaya daga cikinmu ya yaba, wani ya ce yaudara ce. Waɗannan mutane biyu katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, tare suka yi makarantar allo, kuma ɗayansu ne ya karɓa wa ɗan ɗayan aure. Kafin shayin da aka zuba musu ya huce, magana ta bar kan hanya ta koma kan mutunci. Wannan ya kira wancan karen farautar 'yan siyasa, wancan ya kira shi munafiki, daga nan aka kai ga iyaye, iyayen da suke kwance a maƙabarta ɗaya. A daidai lokacin ne yaron ɗayansu, wanda bai wuce shekara tara ba, ya iso da kwanon furar da aka aiko shi ya kawo wa mahaifinsa, ya tsaya ya kasa ajiyewa, ya kasa komawa, yana kallon bakin mutumin da kullum yake durƙusawa ya gaishe shi da Baffa.

Laifina shi ne, lokacin da aka jefi wanda ba ɓangarena ba da mummunan laƙabi, murmushi na yi, domin abin ya yi mini daɗi a zuciya, kuma ban buɗe baki na ce a ji tsoron Allah ba sai da zagin ya juyo kan na ɓangarena. Da Magariba na ga ɗayansu ya janye daga sahun gaba ya koma baya don kada kafaɗarsa ta taɓa ta maƙwabcinsa. Da na tare shi a ƙofar masallaci, sai ya ce mini: "Malam, ƙyale kawai, ai siyasa ce."

Wannan kalma ita ce ta sa na yi wannan rubutu. Mun mayar da "siyasa ce" wani fili da muke zaton shari'ar Allah ba ta shiga cikinsa. Mutumin da ba zai iya zagin yaron shagonsa ba, wanda yake kau da kai idan an fara gulma a wurin ɗaurin aure, da zarar an ambaci jam'iyya sai ka ji daga bakinsa abin da ko ɗan tasha zai ji nauyin faɗa. Yana ƙaga wa bawan Allah sata ba tare da ya gani ba, yana yaɗa duk abin da ya ji muddin zai muzanta ɗaya ɓangaren, yana murna idan ciwo ko mutuwa ta sami abokin hamayya, sannan ya ɗauki carbinsa ya ci gaba da istigfari kamar ba abin da ya faru. Wa ya gaya mana cewa mala'ikun da ke rubutu suna ajiye alƙalami idan zaɓe ya ƙarato? Ayar da ta hana mu jifan juna da miyagun laƙubba a Suratul Hujurat tun muna yara muke karanta ta, kuma babu inda ta ware ɗan adawa. Manzon Allah (SAW) ya gaya mana cewa wanda ya zagi uban wani har aka rama, shi ne ya zagi nasa uban. Ashe jiya kowannensu mahaifinsa ya zaga da bakinsa, a gaban jikan mamacin.

Ku dubi tarihin jiharmu na kusa, wanda duk mun shaida. Aliyu Wamakko mataimakin Attahiru Bafarawa ne kafin su raba gari ya zama gwamna a 2007. Aminu Tambuwal ya hau mulki a 2015 a ƙarƙashin APC, ya koma PDP a 2018. Ahmed Aliyu mataimakinsa ne, sannan ya kara da shi a 2019, ya kuma ci kujerar a 2023. Ban kawo sunayensu don in aibata ko ɗaya daga cikinsu ba, na kawo su ne don mu tuna cewa siyasa juyawa take yi, kuma wanda ya yanke zumunci a 2015 saboda wani ɗan takara, wataƙila bayan shekara uku wannan ɗan takarar yake zagi, amma zumuncin har yau bai ɗinke ba. A zaɓen 2019 ƙuri'a 342 ce kacal ta raba 'yan takarar biyu, kowannensu ya sami sama da rabin miliyan. Ɗan'uwa, za ka iya tsayawa gaban Allah ka rantse cewa wancan rabin miliyan ɗin, da malamansu da tsofaffinsu da matan da suka yi layi cikin rana, duk munafukai ne?

Ba ina cewa a yi shiru ba ne. Ka tambayi ina ruwan famfo, ina taki, ina tsaron mutanen Isa da Sabon Birni, ka tambaya da ƙarfi, haƙƙinka ne kuma amana ce. Amma tambayar aiki daban, cin mutuncin maƙwabcinka daban. Kuma matasan da muke kuka da su idan suka fito da gora da adda lokacin kamfen, daga bakinmu mu manya suka fara jin cewa ɗan wancan ɓangaren ba mutum ba ne.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne hadisin nan na Litinin da Alhamis, ranakun da ake gafarta wa bayi amma a ce a jinkirta wa duk mutum biyun da ke gaba da juna har sai sun shirya. Mutum yana azumin nafila a ranar, amma gafararsa tana rataye saboda hoton da ke manne a bangon gidan maƙwabcinsa. Ɗan siyasar da kake wannan gaba dominsa ba zai ɗauke maka zunubi ko ɗaya ba, wataƙila ma bai san sunanka ba, alhali wanda ka zaga shi ne zai fara buga ƙofarka idan aka ji kuka a gidanka da tsakar dare, kuma shi ne zai kama makararka.

Don girman Allah, idan akwai wanda ka daina gaisawa da shi tun zaɓen da ya wuce, ka je ka same shi, kada ka jira shi ya zo. Ni yau bayan Isha'i zan je gidan wanda na yi wa murmushin mugunta in roƙi gafararsa, sannan in roƙe shi mu tsallaka katangar nan tare zuwa wurin maƙwabcinsa. Ku taya ni da addu'a Allah Ya sa su buɗe ƙofa. Don Allah ku je kafin Alhamis.