Matsafin wasa da barorinsa

Ina roƙon masu jan labari a teburin wasan Dungeons & Dragons, musamman ƙannenmu da suka fara buga shi a nan Katsina, ku daina barin matsafi yana mallake barorinsa ya tafi salin alin.

Ga wanda bai san wasan ba, a Amurka ya fito a 1974. Kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, mai jan labari ya riƙe sauran mutanen duniyar, in an yi gardama a jefa dayis mai fuska 20 ya raba. Ƙirƙira ce zalla irin ta tatsuniya, babu mai tsafin gaske, kada hankalin kowa ya tashi.

Dokokin bugun 2014 sun ba matsafi hanyoyin samun hidima da ba sa cutar da kowa. Akwai hadimin ɓoye, wanda ba shi da jiki ba shi da hankali, ya yi shara, ya hura wuta, ya ninke kaya, bayan awa 1 ya watse. Akwai kuma ɗaukar ɗan aiki, wanda ladansa azurfa 2 ne kacal a rana in ba mai sana'a ba ne. To me zai kai mutumin da ya cika jaka da zinariya ga yi wa mai dafa masa abinci asiri?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sihirin da suke kira Geas. Ana ɗora wa mutum umarni na kwana 30. Ranar da ya saɓa, sai a jefa dayis 5 masu fuska 10, abin da ya fito shi ne raunin da zai same shi a ƙwaƙwalwa. Ku lissafa da kanku: mafi ƙarancin abin da zai fito 5 ne, alhali ƙarfin ran talaka, wato yawan raunin da ke kayar da shi, a dokar wasan 4 ne. Wato baran da ya ce a'a sau ɗaya ya faɗi ke nan. Wannan kisa ne, amma sai ka ji ɗan wasa yana kiransa dabara, abokansa suna tafa masa.

Kuma su waye a teburin? Da yawansu daga gidajen da ke da 'yar aiki suka fito, ko almajirin da ke musu wanke-wanke. Yaron da ya kwashe yamma guda yana ba da umarni ga mutanen da ba su da suna ba su da baki, ina jin tsoron muryar da zai koma gida da ita.

Wasan kansa bai goyi bayan matsafin ba. Akwai wani sihirin daban, na jan ra'ayi, wanda awa 1 yake yi, kuma da ya sake mutum, mutumin ya san an yi masa. Dokar ta rubuta haka ƙarara, masu jan labari ne ke tsallake ta don kada labari ya yi nauyi.

Don Allah ku yi aiki da ita. Ku ba baran suna da garinsu da uwar da ke jiran aikensa. In asirin ya karye, ya kai ƙara gaban alƙalin garin, ko ya gaya wa 'yan kasuwa su daina sayar wa matsafin ko da gishiri, ko ya bar ƙofar hasumiya a buɗe daren da maƙiya suka zo. Ɗan wasan kuma a bar shi ya nemi hanyar biyan diyya da kansa, ko da zai ci zaman wasa uku.